Makarantun Lissafi na Musamman a Ƙarƙashin Jami'o'i: Daga Mosko zuwa Ingila

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan wani nau'in makarantu da ke ɗaukar matasa masu shekara 16 zuwa 19 domin koyar da su lissafi mai zurfi tare da haɗin gwiwar jami'o'i. An bi diddigin tsarin tun daga makarantar kwana da aka kafa a ƙarƙashin Jami'ar Mosko a 1963 har zuwa makarantun da Ingila ta fara buɗewa a 2014. An nuna cewa abin da jami'a ke kawowa cikin irin wannan makaranta shi ne sauya wa ɗalibi ma'anar lissafi, daga neman amsa zuwa kafa hujja. An kuma duba tambayar da har yanzu ke bin tsarin, wato ko makarantun suna gina hazaƙa ne ko kuwa tattara wadda ta riga ta ginu kawai suke yi.

1.0 Gabatarwa

A Ingila, yaro yakan rubuta jarrabawar GCSE yana da shekara 16. Daga nan, idan zai bi hanyar jami'a, sai ya zaɓi darussa uku ko huɗu kacal ya yi shekara biyu a kansu, ya rubuta jarrabawar A-Level. Lissafi ba dole ba ne a wannan mataki. Wani rahoto da Gidauniyar Nuffield ta fitar a 2010, wanda ya kwatanta ƙasashe 24, ya nuna cewa a Ingila ɗaliban da ke ci gaba da lissafi bayan shekara 16 ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba, alhali a yawancin ƙasashen da aka duba adadin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan ɓuya. A matakin A-Level darussan lissafi biyu ne: lissafin da kowa ya sani, da kuma wani na biyu mai zurfi da ake ɗora shi a kan na farko. Sassan lissafi na manyan jami'o'i sun fi son ɗalibin da ya yi duka biyun. To amma darasin na biyu yana buƙatar ƙwararren malami, ga shi masu zaɓarsa a kowace makaranta 'yan kaɗan ne, don haka makarantun gwamnati da dama sukan ga buɗe aji domin yara huɗu ko biyar asara ce. Sakamakon haka, yaron da Allah ya ba basirar lissafi amma ya tashi a garin da babu wannan aji yakan isa ƙofar jami'a a bayan takwaransa na makarantar kuɗi, ba don ya fi shi rauni ba. A wannan giɓi ne aka dasa makarantun lissafi na musamman. Sai dai irin da aka shuka ba na Ingila ba ne, daga Rasha aka ɗebo shi.

2.0 Makarantar Kolmogorov

Andrey Kolmogorov (1903–1987) yana cikin manyan masana lissafi na ƙarni na 20. Shi ne ya shimfiɗa tubalan ilimin auna yiwuwar aukuwar abu a wani ɗan littafi da ya wallafa a 1933, kuma har yau a kansu fannin yake tsaye. Abin lura a tarihinsa shi ne, a lokacin da ya kai ƙololuwar shahara sai ya karkata wani babban ɓangare na lokacinsa zuwa ga yaran sakandare.

Ƙasar da ya yi aikin a cikinta ta riga ta yi sharar gona. Tun a 1934 aka fara gasar lissafi ta 'yan makaranta a Leningrad, Mosko ta bi sahu a 1935. Akwai kuma al'adar da'irorin lissafi, inda ɗaliban jami'a da malamansu kan zauna da yaran sakandare bayan an tashi daga makaranta, a ɗauki matsala guda a yi ta jujjuya ta. Bayan harba tauraron ɗan Adam na Sputnik a 1957, gasar kimiyya tsakanin Tarayyar Sobiyet da Amurka ta yi zafi, gwamnati ta ƙara buƙatar masana lissafi da fiziks. Matsalar ita ce da'irorin nan a manyan birane suke. Yaron ƙauye ko na ƙaramin gari ba shi da rabo a ciki.

A 1963 gwamnati ta amince da kafa makarantun kwana na lissafi da fiziks a ƙarƙashin jami'o'i huɗu: Mosko, Leningrad, Kiev da Novosibirsk. Ta Mosko, wadda aka sani da makarantar kwana mai lamba 18, Kolmogorov ne ya tsaya a kanta tare da masanin fiziks Isaak Kikoin, daga baya kuma aka raɗa mata sunansa. An gina ta ne domin yaran larduna. Malaman jami'a kan fita su bi sawun waɗanda suka yi fice a gasa, a gwada su a rubuce da baki, a gayyaci wasu zuwa makarantar bazara, sannan a tace. Kolmogorov da kansa yakan shiga aji ya koyar, yakan yi wa yaran bayani a kan kiɗa da adabi, yakan kuma fita da su yawon daji. Tsarin karatun ya yi kama da na jami'a: lacca ga taro, sannan a rabu ƙungiya-ƙungiya a zauna a kan matsaloli. A 1970 shi da Kikoin suka jagoranci kafa mujallar Kvant domin isar da irin wannan lissafi ga yaran da makarantar ba ta iya ɗauka ba.

Tsarin ya tsallaka iyaka tun da wuri. A Biyetnam an buɗe aji na musamman na lissafi a Jami'ar Hanoi a 1965, ana tsakiyar yaƙi, kuma daga makarantar da ta tsiro daga wannan aji Ngô Bảo Châu ya fito, wanda ya sami lambar yabo ta Fields a 2010.

Akwai wani babi na tarihin Kolmogorov da masu yabon makarantarsa ba su cika ambata ba, alhali yana da darasi. Shi ne ya jagoranci sauya manhajar lissafi ta dukan makarantun ƙasar, aka shigar da salon tunani mai tsauri irin na jami'a cikin littattafan da kowane yaro zai karanta a shekarun 1970. Abin bai karɓu ba. Malamai da yawa sun sha wuyar koyar da shi, kuma a 1980 wani babban masanin lissafi, Lev Pontryagin, ya yi masa kakkausar suka a mujallar Kommunist, daga nan aka fara janye sauye-sauyen. Abin da ya yi kyau a aji mai yara zaɓaɓɓu da malamai masu bincike bai jure wa ajin gama-gari ba.

3.0 Abin da Jami'a ke Kawowa

Kalmar "lissafi" a Hausa tana ɗauke da kaya biyu. Ana nufin ƙididdigar ɗan kasuwa da ita, ana kuma nufin fannin ilimin da ake nazari a jami'a. Wannan haɗuwa tana iya ɓoye tazarar da ke tsakanin biyun, kuma a kan tazarar ce dukan hikimar waɗannan makarantu ta rataya. Misali zai fi bayyana ta.

A ɗauki lambobin mara, wato waɗanda ba sa rabuwa gida biyu daidai, a riƙa tara su a jere. 1 da 3 sun ba da 4. A ƙara 5, an sami 9. A ƙara 7, an sami 16. Mai lura zai ga cewa 4 ita ce 2 sau 2, 9 ita ce 3 sau 3, 16 kuma 4 sau 4. Ɗalibin da aka horar domin jarrabawa kawai zai haddace ƙa'idar, ya yi aiki da ita, ya ci maki. A ajin irin na Kolmogorov kuwa, nan ne darasi yake farawa, domin za a tambaye shi: me ya tabbatar maka cewa haka abin zai ci gaba har abada? Amsa guda mai gamsarwa ita ce a jera tsakuwa. A ajiye ɗaya. Domin a mayar da ita murabba'i mai biyu a kowane gefe, sai an ƙara uku, su zagaye ta ta gefe biyu. Domin a faɗaɗa zuwa uku a kowane gefe, sai an ƙara biyar. Kowane sabon zagaye yana fin na baya da tsakuwa biyu, domin kowane ɗaya daga gefunan biyu ya ƙaru da ɗaya. Da zarar an ga wannan, ba a bukatar sake gwaji, an san dalilin da ya sa ƙa'idar ba za ta taɓa karyewa ba.

Wani zai ce wannan wahalar da kai ce, tunda gwaji ya riga ya nuna gaskiyar abin. Ga abin da ya sa masana lissafi ba sa yarda da gwaji kaɗai. Akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa da Leonhard Euler: a ɗauki lamba, a ninka ta da kanta, a ƙara ta a kai, sannan a ƙara 41. Idan aka fara da 0 za a sami 41, da 1 a sami 43, da 2 a sami 47, da 3 a sami 53. Duk waɗannan lambobi ne da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu. Haka abin zai ci gaba har zuwa 39, sau arba'in ke nan ba kuskure ko ɗaya. Amma a 40 sai a sami 1681, wadda ita ce 41 sau 41. Shaidu arba'in sun ba da shaida iri ɗaya, na arba'in da ɗaya ya rushe shari'ar.

Ɗalibin da ya saba da irin wannan tarko yakan sauya ɗabi'a. Yakan koyi zama da matsala guda na kwanaki ba tare da ya ɗauka cewa ya gaza ba, yakan kuma koyi rubuta tunaninsa jimla bayan jimla yadda wani zai bi ya kama shi idan ya yi tsalle. Masu nazarin harshe za su lura cewa hujjar lissafi nau'in rubutu ce mai nata ƙa'idojin, inda kalmomi irin su "idan", "sai dai idan", "ga kowane" da "akwai" suke ɗauke da nauyin da ba su da shi a zancen yau da kullum. Malamin sakandare nagari yana iya koyar da wannan, amma matsin manhaja da yawan ɗalibai ba su cika barinsa ba. Mai bincike a jami'a kuwa wannan ne abincinsa na kullum. Dalilin haɗa makarantar da jami'a ke nan, domin sassan lissafi sun daɗe suna kukan cewa sababbin ɗalibansu suna zuwa da maki masu kyau amma hujja baƙuwa ce a gare su.

4.0 Yadda Ingila ta Ari Tsarin

A ƙarshen 2011, ministan kuɗi George Osborne ya sanar da shirin kafa makarantun lissafi na musamman, a lokacin da Michael Gove ke riƙe da ma'aikatar ilimi. Mashawarcin Gove, Dominic Cummings, yana cikin waɗanda suka fi matsa lamba a kan batun, kuma ba a ɓoye cewa makarantar Kolmogorov ce abin koyi ba. An bi ta wata doka da ta ba da damar kafa makarantun da gwamnati ke biya amma ba sa ƙarƙashin ƙananan hukumomi. Karatu a cikinsu kyauta ne, kuma da yake na 'yan shekara 16 zuwa sama ne, an yarje musu su zaɓi ɗalibai bisa ƙwazo.

Jami'o'i ba su yi rububin amsa kiran ba. Biyu ne kawai suka buɗe a Satumban 2014: ta King's College a Lambeth cikin birnin Landan, wadda Farfesa Alison Wolf ta taka rawa wajen kafa ta, da ta Exeter, wadda Jami'ar Exeter da Kwalejin Exeter suka haɗa hannu a kanta. Shekara shida aka yi ba a ƙara ko ɗaya ba. A 2017 gwamnati ta yi alkawarin ƙarin fam 350,000 a kowace shekara ga kowace makaranta, bisa abin da ake ba ta na kowane ɗalibi. Daga nan sai ta Liverpool ta buɗe a 2020, ta Jami'ar Lancaster a garin Preston a 2022, sai uku a 2023, wato ta Cambridge da ta Imperial College da ta Leeds, sannan ta Surrey a 2024.

Makarantun ƙanana ne ƙwarai. King's da Exeter kowace takan ɗauki ɗalibai da ba su kai ɗari ba a shekara. Mai neman shiga sai ya sami maki mai girma a lissafin GCSE, ya rubuta jarrabawar makarantar, a kuma yi hira da shi. Kowa yana yin darussan lissafi biyun nan, galibi tare da fiziks, wasu kuma su haɗa da ilimin kwamfuta ko wani darasi makusanci. Bayan manhajar jarrabawa akwai zaman warware matsaloli da ɗaliban digiri na uku kan taimaka a kai, da kuma aikin bincike na ƙungiya wanda malaman jami'a ko ma'aikatan masana'antu ke ba da matsalarsa, a ƙarshe ɗalibai su gabatar da abin da suka gano a gaban jama'a. Ana kuma shirya su domin jarrabawoyin shiga jami'a masu tsauri irin STEP, wadda Cambridge ke nema.

A nan ne bambanci da Mosko ya fito. Makarantar Kolmogorov ta kwana ce, ta miƙa hannu zuwa larduna masu nisan dubban kilomitoci. Na Ingila yawancinsu na jeka-ka-dawo ne, iyakar isarsu ita ce iyakar inda jirgin ƙasa ko bas ke kaiwa da safe. Exeter ce ta fi kusa da asali, domin tana hidimta wa yankin kudu maso yamma mai faɗi, wato Cornwall da Devon da Dorset da Somerset, don haka ta tanadi wurin kwana a ranakun mako ga 'yan nesa. Bambanci na biyu shi ne jarrabawa. Komai zurfin da aka yi a aji, da sakamakon A-Level ake auna makarantar a idon iyaye da jaridu, kuma wannan linzami ne da ba ya barin malami ya yi nisa da manhaja yadda yake so.

5.0 Gina Hazaƙa ko Tattara Ta

Ta fuskar sakamako, makarantun biyu na farko sun yi abin a zo a gani. Hukumar duba makarantu ta Ofsted ta ba su matsayi mafi girma, kuma ta King's ta sha fitowa a sahun gaba na sakamakon A-Level a ƙasar, har tana gogayya da tsofaffin makarantun kuɗi. Kaso mai yawa na ɗalibanta kan wuce Oxford da Cambridge.

Sai dai wannan ba hujja ba ce a ma'anar da aka bayyana a sama. Makarantar da ta tace yara mafiya ƙwazo daga birni mai mutane kusan miliyan tara, abin mamaki zai zama ne idan ba ta yi fice ba. Masu kare tsarin sukan nuna ma'aunin da ke kwatanta inda ɗalibi ya fara da inda ya ƙare, wanda a kansa ma makarantun suna yin kyau. Wannan ya fi ƙarfi, amma shi ma ba ya auna himma. Yaron da ya yarda ya bar abokansa, ya rubuta ƙarin jarrabawa, ya riƙa doguwar tafiya kullum saboda lissafi, ya riga ya bambanta da wanda suka sami maki ɗaya a GCSE amma bai nema ba. Abin da ya fi wuyar musantawa shi ne tasirin zama tare. Yaron da a makarantarsa ta da shi kaɗai ne ke jin daɗin lissafi, har yana ɓoye hakan, sai ya tsinci kansa cikin sa'o'i sittin ko saba'in masu irin ciwonsa. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Akwai kuma abin da makarantun da aka baro suke rasawa. Idan ajin lissafi mai zurfi na wata makaranta yara shida ne, aka ɗauke biyu mafiya ƙarfi, ajin yana iya rufewa, huɗun da suka rage su rasa darasin gaba ɗaya. Haka nan malaman lissafi, waɗanda Ingila ta daɗe tana fama da ƙarancinsu, suna iya bin ɗaliban zuwa inda aikin ya fi daɗi. Saboda wannan ne aka ɗaura wa ƙarin kuɗin nan sharaɗin fita waje: kowace makaranta tana gudanar da darussa ga yaran da ba su kai shekara 16 ba daga makarantun yankinta, musamman na unguwannin marasa galihu, tana kuma horar da malamansu. A ra'ayin da ya fi rinjaye a hankali, wannan aiki ne ya kamata a auna tsarin da shi fiye da jerin sakamako, domin zaɓe a shekara 16 yana zuwa a makare. Yaron da bai sami malami nagari ba yana ɗan shekara 12 da wuya ya kai makin da zai ba shi damar ko da neman shiga.

Batun 'yan mata ma yana nan. Lissafi shi ne darasin da aka fi rubutawa a A-Level, har masu rubuta shi suka haura 100,000 a 2024, amma masu yin darasi na biyu mai zurfi ba su kai 20,000 ba, kuma mata a cikinsu ba su kai kashi ɗaya bisa uku ba. Makarantar da ke ɗiba daga wannan rijiya za ta gaji karkacewarta, sai fa idan ta koma baya ta jawo 'yan mata tun kafin su yanke shawarar barin fannin. Tarihin Rasha ya ƙara wani gargaɗi game da zaɓe shi kansa. A shekarun 1970 da 1980 an yi amfani da jarrabawar baki ta shiga sashen lissafi na Jami'ar Mosko wajen toshe wa Yahudawa hanya, ta hanyar ba su tambayoyin da aka tsara domin su faɗi. Hirar da ke gano basirar da takarda ta ɓoye ita ce kuma ke ba mai son zuciya dama, idan babu mai sa ido.

Mai karatu daga arewacin Nijeriya ba zai ji wannan muhawara baƙuwa ba. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake zaɓo yara da jarrabawa a tara su a makarantar kwana domin samar wa jihar likitoci da injiniyoyi daga cikin 'ya'yanta. Ta fuskar kwana da ɗebo yara daga ko'ina cikin jiha, sun fi kama da ta Mosko fiye da yadda na Ingila suka yi kama da ita. Inda suka rabu shi ne riƙo: na Kano hukumar gwamnati ce ta musamman ke tafiyar da su, alhali a Mosko da Landan jami'a ce ke da hannu a manhaja da shugabanci, kuma masu bincikenta suna shiga aji.

Shigar jami'a tana da nata tsadar, kuma ita ce ta sa tsarin ya yi tafiyar hawainiya a Ingila. Ana auna malamin jami'a da abin da ya wallafa da kuɗin binciken da ya jawo, sa'o'in da ya ɓatar da 'yan shekara 17 ba sa shiga wannan ma'auni. Jami'ar ba ta da tabbacin cewa yaran da ta raina za su zo gare ta, domin suna da 'yancin neman kowace jami'a, kuma da yawa daga cikin na King's wasu wurare suke tafiya. Ga kuma sunanta da ta jingina a kan makarantar da ba ita ke koyar da darussan yau da kullum a cikinta ba. A Mosko, nauyin ya tsaya ne a kan mutum guda mai girman da ba a iya ce masa a'a, wanda ya ci gaba da hulɗa da makarantar har rashin lafiya ta ci ƙarfinsa a ƙarshen rayuwarsa. Bayan rasuwarsa a 1987, sai aka mayar da makarantar wani sashe na jami'ar kanta a 1988, kuma a wannan matsayi take har yanzu.